Zoben Famfo a Zauren Malam Waliyyu

Babur ɗin ruwa na Alhaji Bature mai albasa ya sake gudu a gulbin Jega ranar kasuwar makon jiya, bayan ya yi sati uku a kan tsofaffin tayoyi a rumfar makanike. Ya tashi daga kusa da gada da misalin ƙarfe goma na safe, ya kai inda masunta ke shanya taru, ya juyo, duk cikin abin da bai kai minti biyu ba. Hular Alhaji ta faɗa ruwa, ba a same ta ba. Wanda ya karɓi aikin gyaransa, Tukur mai gyaran injin ban ruwa, yana tsaye a bakin gulbi ana yi masa barka. Har yau bai san ko zai ci gaba da sana'arsa ba.

Alhaji Bature mutumin Aliero ne. A watan Afrilu ya raka lodin albasa zuwa Legas, ya ga samari suna tsere a kan ruwa da wani abu kamar babur marar ƙafa. Tirelar da ta kai albasar za ta dawo ba kaya. Ya sayi ɗaya na hannu, aka ɗaure shi da igiyar buhu, aka sauke shi a Jega, inda ruwa yake.

Kwana huɗu ya yi yana yawo da shi. Bazara ce, gulbi ya ja baya, a wurare da yawa ruwan bai wuce gwiwa ba. Alhaji kuwa gefe-gefe yake bi, inda masu wanki da masu ban ruwa za su gan shi da kyau. A rana ta biyar ya matsa totur, injin ya yi ƙara kamar zai tashi sama, babur ɗin ya ci gaba da tafiyar jaki mai kaya. Wani mai kwalekwale ya zo ya wuce shi da awaki biyu a ciki, ya tambaye shi ko yana so a ja shi.

Washegari, ranar kasuwa, aka kai wa Tukur.

Tukur shekararsa talatin da takwas. Tara daga ciki ya yi su a rumfarsa da ke bakin hanyar kasuwa, yana gyaran injinan da manoman albasa da shinkafa ke ban ruwa da su. Kafin nan noma yake yi da yayansa Ayuba a gonar mahaifinsu kusa da Aliero. Ayuba bai taɓa yarda da barin gonar ba. Duk ranar kasuwa yakan zo ya zauna a bencin rumfar, ya sha ruwan randar Tukur, ya lissafa masa kunyoyin da suka rasa mai nome su.

Yana nan zaune aka sauke babur ɗin. Ya zagaya shi sau ɗaya.

"Wanga kam ba naka ba na," in ji Ayuba. "Kai da ka saba da injin da aka ɗauka ga kai."

"Yaya, injin ban ruwa na. Sirdi kawai anka ɗora mashi. Ya sha ruwa ta ƙasa, ya watso shi ta baya."

"To ka ji. Bari dai Alhaji ya kira masu abin daga Legas, kada a kwance a rasa mai haɗawa."

Akwai mutum biyar a rumfar, kuma biyu sun yi dariya. Tukur ya aje sifanar da ke hannunsa.

"Wallahi in ban gyara shi da hannuna ba kahin kasuwa ta uku, in ruhe rumfar ga in bi ka gona."

Ayuba bai yi gardama ba. Ya juya ga mutanen nan biyar, ya kira kowa da sunansa, ya sa kowa ya ce ya ji. Sannan ya ɗauki babur ɗinsa na ƙasa ya koma Aliero tun kafin azahar, abin da bai taɓa yi ba.

Gano matsalar bai ɗauki Tukur wuni ba. Ya kwance famfon daga bayan babur ɗin, wani gajeren bututun ƙarfe mai kama da tukunya marar gindi. A cikinsa akwai farfela, kuma farfelar tana juyawa ne a cikin wani zobe na roba mai tauri da ke manne da bangon bututun. Tsakanin bakin farfela da zoben bai kamata a samu sarari da ya wuce kaurin takarda ba. A na Alhaji, Tukur ya zura tsinken tsintsiya ya wuce. Yashin da famfon ya yi kwana huɗu yana sha ya cinye zoben, ruwa ya koma yana zagayawa a ciki maimakon ya fita da ƙarfi. Tukur ya cire farfelar, ya sa bakin zarto ya yanka tsohon zoben wuri biyu, ya ɓamɓare shi.

Sabon zobe babu shi a Jega, babu shi a Birnin Kebbi. Wani mai sayar da kayan jiragen ruwa a Legas ya ce yana da guda ɗaya tak. Aka ba direban Alhaji ya taho da shi. Ya iso bayan kwana sha tara, a cikin leda, tare da burodi.

Saura kwana biyu. Tukur ya ɗora zoben a bakin famfon ya danna. Ya ƙi shiga. Ya fi ramin faɗi da abin da ido ba ya gani. Wani maƙeri daga Jiga Makera da ya zo karɓar injinsa ya ba da shawarar a sa shi a wuta, don su haka suke yi wa duk abin da ya ƙi zama. Tukur ya gode masa, ya kira mai kayan a waya.

Mutumin Legas ya ce kada a kuskura a buga shi da ƙarfi, zai tsage, kuma babu wani. A sa shi a firiza awa huɗu. Sanyi zai sa ya ɗan tsuke. Da an fito da shi, a ɗora katako a kai a buga a hankali, zai zauna. Amma a yi sauri, minti biyu ne kawai kafin ya koma yadda yake. Tukur ya tambaye shi ko ya san zafin Jega a watan Mayu. Mutumin ya ce to, minti ɗaya.

A lokacin wutar lantarki ta yi kwana sha ɗaya ba ta leƙo unguwar ba. Firizar da ke daskarar da abu da gaske guda ɗaya ce, mai aiki da sola, ta Hajiya Gudiya mai sayar da ƙanƙara da zoɓo. Firizar tana cikin gida, inda baƙon namiji ba ya shiga. Hajiya ta yarda ta sa zoben, ta kuma ce in lokaci ya yi za ta miƙo shi ta labulen ƙofar ciki. Gidan ƙofarsa ɗaya ce, ta zaure. Daga labulen zuwa gindin dalbejiyar ƙofar gida, inda Tukur ya girke famfon a kan kututture, taku sha biyu ne. Ya auna da ƙafarsa.

Abin da bai auna ba shi ne surukin Hajiya, Malam Waliyyu, tsohon dillalin hatsi mai shekara tamanin da huɗu. Ƙafafunsa sun yi rauni, don haka a zauren yake wuni da abokansa huɗu, nan suke salla, nan yake kwana. Malam yana gaisawa ne da hannu biyu, kuma ba ya saki sai ya gama. A wurinsa mai shiga da gaisuwarsa, mai fita ma da tasa. Ba a wuce hannunsa. Wani ɗan acaɓa ya taɓa yi shekara shida da suka wuce, har yau Mai Sauri ake kiransa, ya nemi aure sau biyu a unguwar bai samu ba.

Da la'asar ta wannan rana Hajiya ta miƙo zoben, yana hayaƙin sanyi. Tukur ya karɓa ya juya. Taku uku ya yi ya tarar da hannun Malam a miƙe. Ya durƙusa, ya sa zoben a hammata.

"Tukur ɗan Zayyad. An hito lahiya?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ina zahi?"

"Lokaci nai na, Baba."

"Ina tsohuwarku? Ƙahwar tata ta yi sauƙi?"

"Da sauƙi, Baba."

"Madalla. Ita kuma ɗiyar ƙanenta da anka kai Katanga, ta haihu?"

Ta haihu. Sai da aka yi maganar sunan jaririn, da na wanda ya ci sunansa. Sannan abokan Malam huɗu suka miƙo nasu hannuwan bi da bi. Alhaji Bature, wanda ke tsaye a waje da agogo, ya ce minti huɗu da rabi aka yi. Zoben ya iso gindin dalbejiya da ɗumin hammata. Ya ƙi shiga. Aka mayar wa Hajiya.

Tukur ya nemi a shigo da famfon cikin zauren, kusa da labule. Malam ya ce a kan tabarmin nan ake salla, baƙin mai ba zai hau su ba. Tukur ya yi tunanin a jefo zoben ta katanga. Ya sake kiran mutumin Legas, shi kuwa ya ce roba mai sanyi in ta faɗi ƙasa fashewa take yi.

Washegari da safe, jajibirin kasuwa, Alhaji ya shiga zauren da kansa, ya yi wa Malam bayani dalla-dalla, ya roƙi a yi wa Tukur uzuri na minti ɗaya. Malam ya saurara, ya ce wannan ba komai ba ne, ai shi ma ya yi sana'a, ya san gaggawa.

Tukur ya karɓi zoben ya juya. Hannun Malam yana miƙe.

"Tukur, zo ka ji. Alhaji ya yi mani bayani. Kada ka tsaya gaisuwa, ka ji ko? Wuce abinka."

"Na gode, Baba."

"Ba komi. Aiki na. Ko ubanka, Allah ya jiƙan shi, haka shike in ya sa abu gaba. Akwai wata shekara da munka tahi Maiyama sayen gero ni da shi..."

Minti shida.

Da hantsi Ayuba ya iso daga Aliero. Ya ce ya ji ƙanensa na fama, ya zo ya taya shi da addu'a. Ya shiga zauren, ya gaisa da kowa a natse, ya samu wuri kusa da Malam ya zauna.

A karo na uku Tukur ya yi dabara. Ya ari kula, ya roƙi Hajiya ta binne zoben a cikin ƙanƙara ta rufe, yadda ko an yi gaisuwar awa guda ba zai huce ba. Da azahar ta wuce aka turo kular ta ƙarƙashin labule. Tukur ya ɗauka, ya durƙusa gaban Malam da kwanciyar hankali, har shi ya fara tambayar lafiyar jikoki.

"Baba," in ji Ayuba, "ƙanƙara ta hwa cikin kular nan. Ga ku kuna shan ruwa kamar na wanka."

Zafin ranar ya kai digiri arba'in da uku. Dattijai biyar suka dubi kular. Tukur ba shi da bakin da zai hana tsofaffi ƙanƙara a irin wannan rana, kuma bai gwada ba. Aka buɗe, aka kwashe a kwanonin sha. Da aka kai ga zoben, Malam ya ce a ba shi ya ga abin da ke wahal da yaron nan. Ya jujjuya shi, ya leƙa ta cikinsa, ya miƙa wa na kusa da shi. Ɗaya ya ɗora shi a wuyansa ya ce yana da daɗi. Wani ya ce da a ce ƙarfe ne da ya yi gammon tulu. Da ya zagayo hannun Tukur, ruwa ne kawai ke ɗiga daga jikinsa.

Saura daskarewa ɗaya. In rana ta faɗi, firizar sai dai ta riƙe sanyi da kyar, kuma Alhaji ya riga ya gaya wa rabin kasuwa cewa da ƙarfe goma na safe zai hau.

Ƙarfe biyar Tukur ya je bakin labulen ya yi sallama. Hajiya Gudiya ta amsa, amma ba ta miƙo komai ba.

"Malam Tukur, kwana biyu ke nan abin ga naka na kwance inda zoɓona ka kwana. Duk abin da ake yi cikin zauren nan ina ji. Turo mani tukunyar taku nan ciki."

"Hajiya, aikin na da ƙa'ida."

"Mi a ƙa'idar? Ba a ɗora katako a buga ba na? Sau uku ina jin kana hwaɗa ma Alhaji."

Tukur ya dubi rana ta ƙofar zaure. Ya dubi Alhaji, Alhaji ya ɗaga kafaɗa. Kafin ya yanke shawara Ayuba ya miƙe, ya fita gindin dalbejiya, ya rungumo famfon a kan farar rigarsa ba tare da ya bari ya taɓa tabarma ba, ya kawo shi bakin labule. Wannan ne karo na farko cikin shekara tara da ya taɓa wani abu na sana'ar ƙanensa. Tukur ya ce masa ya gode.

Aka ja famfon ciki. Tukur ya tsuguna a bakin labule yana ba da umarni da ƙarfi.

"A goge cikin da tsumma. Gehen da ke da ɗan baki shi aka sa sama. A daidaita shi, kada ya karkace. Akwai katako?"

"Akwai na yankan nama."

"Guduma hwa? Bari in miƙo."

"Riƙe abarka. Ga taɓarya."

"Hajiya, a hankali don Allah! Shi kenan guda!"

"Malam Tukur, shekara ashirin ina daka. Na san inda taɓarya ka sauka."

Aka ji ƙarar murfin firiza. Sai bugu na farko, marar ƙarfi. Na biyu. Abokan Malam suka shiga ƙirgawa a fili, kamar masu auna hatsi. A na bakwai sautin ya canza, ya zama na abin da ya kai ƙasa. Hajiya ta turo famfon waje da ƙafa, ta ce tana da tuwo a wuta.

Zoben ya zauna daram, raɓa na tsattsafowa a kansa. Tukur ya bi bakinsa da babban yatsa. A wani gefe ya tsaya, ya ɗauki ƙaramar gudumarsa ya ɗan ƙwanƙwasa sau ɗaya. Sannan ya gaisa da Malam na fita, minti biyar, bai ƙosa ba. Kafin magariba ya mayar da farfela, ya gwada sararin da takardar sigari, ta shiga da kyar. Da sassafe ya ɗaura famfon a jikin babur ɗin, ya ja wa Alhaji kunne ya bar bin gefe.

Babur ɗin ya yi gudun da aka gani. Alhaji ya fito jiƙe sharkaf, ba hula, ya rungume Tukur a gaban jama'a. Mutane na cikin yi masa barka Ayuba ya ratso su da sabuwar fartanya da ya saya a kasuwa, da mutanen nan biyar a bayansa. Ya miƙa wa ƙanensa.

"Mi ye wanga, Yaya?"

"Taka ta. Da hannunka kac ce. Ga waɗanda sunka ji."

"Wa ya gano ciwon? Wa ya yanke tsohon zoben? Wa ya haɗa?"

"Abin da ya lalace zobe na. Wadda ta sa zobe tana nan gida tana ƙulla zoɓo. Ni na kai mata famfon da hannuna, in ana batun hannu."

"Ni na yi bugun ƙarshe."

"Bakwai munka ƙirga. Na takwas ɗin ka buga ma abin da ya riga ya zamna."

Aka juya ga shaidu. Biyu suka ce gyara ai duka aikin ne, Tukur ya cika. Biyu suka ce zoben shi ne gyaran. Na biyar ya ce shi lokacin da aka yi rantsuwar rake yake sha, ya dai ce ya ji ne don Ayuba ya kira sunansa. Tukur ya ce to zai yi kaffara, ya ciyar da mutum goma. Ayuba ya ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, shi alkawarin da aka yi masa a gaban mutane yake nema.

Da aka rasa mafita, suka yarda su kai maganar gaban kawunsu Abdulrahman a Maiyama, wanda duk su biyun ba sa tsallake maganarsa. Suka je ranar Lahadi, kowa a kan babur ɗinsa. Kawu ya saurare su har ƙarshe, ya yi tambaya ɗaya: kafin bugu na takwas, akwai sauran abin da ya rage zoben ya shiga, ko babu? Tukur ya ce akwai, kamar kaurin farce. Ayuba ya ce babu. Kawu ya sa aka kira mijin Hajiya Gudiya a waya, ya haɗa su da ita.

Hajiya ta ce ita ba ta sa ma'auni ba, ta ji ya daina tafiya ta daina bugu. Ta ƙara da cewa a gaya wa mutane su bar kawo mata injuna. Manoma biyu daga Katanga sun riga sun aje nasu a ƙofar gida, ɗaya ya ce shi gyaran taɓarya yake so.

Kawu ya ce su koma gida, zai yi nazari ya aiko.

Tukur yana buɗe rumfarsa kullum, amma ba ya karɓar aikin da zai kwana. Ruwan farko ya sauka a Aliero ranar Laraba. Ayuba ya sa ranar Asabar don shukar gero, kuma ya gaya wa matarsa ta dafa abincin gona da mutum ɗaya ƙari. Zuwa yammacin jiya, saƙo bai zo daga Maiyama ba.